Littafin aiki: na'urar gano cikin akuya, daga kwamfuta zuwa bokiti

Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Da daminar da ta wuce Kawu ya sayar da jar akuyarsa don ya sayi taki. Ya ɗauka ta zama juya, saboda ta daɗe ba ta haihu ba. Bayan kwana biyu mahaucin da ya saye ta ya aiko masa cewa 'ya'ya biyu aka tarar a cikinta. Kawu bai ce uffan ba, amma ranar ko tuwon dare bai taɓa ba. Tun daga lokacin abin yake ci mini rai.

Akuya tana goyon ciki wata biyar, kimanin kwana 150, kuma a watannin farko ido ba ya nuna komai. Na'urar sikanin mai hoto irin ta asibiti ta fi ƙarfin aljihun mai awaki shida. Akwai dai wata mai sauƙi wadda ba ta yin hoto. Tana harba ɗan gajeren sauti cikin jikin dabba, ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa, idan ta gane sautin ya ratsa jakar ruwa sai ta kunna fitila. Irin wannan nake son haɗawa a shagona na gyaran rediyo da talabijin a nan Ƙofar Ƙaura.

Jarina bai kai in riƙa ƙona kaya ina sake saya ba. Saboda haka na yanke shawarar duk abin da zan haɗa, sai na fara kwaikwayonsa a kwamfuta: faifan da ke haifar da sautin, wayar da ke kai masa wuta, da'irar da ke buga shi, da wadda ke sauraro. Idan ya tsaya a allo, sannan in ɗauki dalma. A nan zan riƙa rubuta abin da na yi, da abin da ya lalace, da abin da na kashe.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na saka LTspice, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki, a tsohuwar kwamfutata. Kyauta kamfanin Analog Devices ke bayar da ita, kuma jikar SPICE ce, manhajar da aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1973. Na duba Field II da k-Wave, waɗanda masu bincike ke amfani da su wajen ganin yadda sauti ke bazuwa cikin jiki, amma asalinsu a kan wata manhajar lissafi mai suna MATLAB suke tafiya, kuma damuwata a yanzu ita ce yadda faifai da lantarki za su zauna lafiya da juna.

Faifan sikanin na gaske ba ya samuwa a nan. Dabarar da ta zo mini ita ce faifan injin hazo, wanda masu ƙyanƙyasar ƙwai ke sakawa don ƙara laima. Yana kaɗawa sau miliyan 1.7 a daƙiƙa, wato megahaz 1.7, wanda ya yi kusa da abin da nake buƙata. Na yi odar guda biyar daga Sabon Gari a Kano, ₦9,000 har da kuɗin mota.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ba wuta tun jiya. Karatu kawai na yi a waya.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Faya-fayan sun iso. Faɗin kowanne milimita 20, kauri 1.2. Azurfar da ke bayansa ba ta kai baki ba, da'irarta milimita 15 ce, kuma iya nan ne ke aiki.

Ƙanena ya tambaye ni yadda ɗan wannan abu mai kama da kwabo zai yi magana da cikin akuya. Na gaya masa cewa a 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da idan aka matsa su sai su ba da wutar lantarki, daga baya kuma aka tabbatar idan aka ba su wuta sai su motsa. Wannan faifan yumɓu ne da aka gasa da sinadaran dalma da zakoniyam da titaniyam, ana kiransa PZT, kuma yana yin duka biyun. Shi ne bakin, shi ne kunnen.

Matsalar ita ce LTspice ba ta san motsi ba, wuta kawai ta sani. Dole a yi mata fassara: ƙarfin turi ya zama boltej, saurin motsi ya zama karan (gudun wuta), kaurin faifan ya zama dogon layi mai jinkirta saƙo. Warren Mason ne ya shimfiɗa wannan hanya a 1948, Redwood ya sa mata layin jinkiri a 1961, sai tsarin KLM a 1970. Na Mason yana buƙatar kafasita (abin da ke tara cajin wuta) mai ƙimar ƙasa da sifili, abin da babu shi a duniya. Na zaɓi na Marshall Leach na 1994, wanda ya kauce wa wannan, kuma don SPICE aka tsara shi.

Lissafina: na ɗauka yumɓun irin PZT-4 ne mai tauri, sauti na gudu cikinsa kusan mita 4,600 a daƙiƙa. Ke nan ratsa kaurin faifan yana ɗaukar nanosakan 261 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa).

Laraba, 12 ga Nuwamba

Kwana uku manhaja tana ƙin tafiya. Ashe akwai wata mahaɗa a da'irar da na bari a rataye, ba ta da hanyar sauka ƙasa. Na sa mata babbar rasista, ta tashi. Sai kuma zanen ya fito da kusurwoyi kamar haƙoran zarto, saboda manhajar tana yin dogon taku tana tsallake abin da ke tsakani. Na ƙayyade mata taku kada ya wuce nanosakan 5. Yanzu kowane gwaji yana cin kusan minti ɗaya, amma zanen ya yi sumul.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yau na gano kuskuren da ya kusa ɓata mini aikin gaba ɗaya, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada wani ya faɗa ramin.

Akwai wani dattijo a Sabuwar Unguwa da ya yi shekaru yana gyaran tiransimita. Yana da 'yar na'urar nan NanoVNA, mai auna yadda abu ke turjiya ga wuta a kowane matakin kaɗawa. Na je da faifai ɗaya da kwamfutata. Muka auna: turjiyar faifan ta faɗi ƙasa a megahaz 1.69, ta haura sama a 1.91. Wannan ya faranta mini rai, don lissafi ya ce wajen 1.7 da 1.92. Amma da muka ɗora zanen kwamfuta a kan na gaske, sai duk layin nawa ya zauna ƙasa, kusan rabin abin da aka auna.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wannan lambar ta kafasita, daga ina ka samo ta?"

Na ce, "Malam, da mitata na auna. Nanofarad 1.7 ta ba ni."

Ya ce, "To mitarka a hankali take tambayarsa. Shi kuma a aikin da za ka sa shi, ba wanda zai jira shi."

A hanyar dawowa cikin Keke Napep na riƙa juya maganar, da na zo gida na koma karatu, sai ta warware. Mita tana auno ne da kaɗawa ƙasa-ƙasa, inda faifan ke da sararin miƙewa da takurewa yadda ya ga dama, kuma wannan motsin yana ƙara yawan cajin da yake ɗauka. Tsarin Leach kuwa yana son ƙimar faifan a ɗaure, kamar an danne shi ba ya motsi, don motsin an riga an ba shi nasa ɓangaren a da'irar. Da na saka 1.7, na ƙirga motsin sau biyu ke nan. A PZT-4 lambar riƙon caji ta sakakken yumɓu kusan 1,300 ce, ta ɗaurarre kusan 635. Na sake lissafi da ta biyun, ta ba ni nanofarad 0.83. Na saka, zane ya hau kan zane, sai ɗan ƙananan tsaunuka da ke ƙasa da megahaz ɗaya waɗanda nawa bai nuna ba. Waɗannan kaɗawar faifan ce ta faɗi, tsarina kuma kauri kawai ya sani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana uku ina kallon zane mai kyau, manhaja ba ta yi ƙorafin komai ba, alhali lambar da ke gindin komai ba daidai ba ce. Daga yau duk lambar da zan saka sai na rubuta a gefe ko aunawa na yi, ko daga takarda na ɗauko, ko zato ne.

Na ba shi goro na ₦1,000, da ƙyar ya karɓa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Aikin shago ya yi yawa, talabijin uku da injin sola ɗaya. Ban buɗe kwamfuta ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na sa wa faifan ruwa a gaba, iska a baya, na buga shi da wuta sau ɗaya a kwamfuta. Ya yi ta kaɗawa kamar kwanon tasa da aka ƙwanƙwasa, sama da maikrosakan 40 kafin ya lafa (maikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa).

Ga dalilin da ya sa wannan illa ce. Sauti yana gudu cikin nama kusan mita 1,540 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowar santimita ɗaya tana cin maikrosakan 13. Muddin faifan yana kaɗawa, ba ya jin kowa. Maikrosakan 40 na nufin santimita ukun farko na jikin akuya na'urar kurma ce, kuma duk amsa biyu da suka zo kusa da juna za su cakuɗe.

Tushen abin shi ne bambancin turjiya ga sauti. Da megarel ake auna ta: ta PZT kusan 34 ce, ta ruwa 1.5, ta nama ta ɗan ɗara haka kaɗan, ta iska kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na megarel ɗaya ba. Sautin da ke cikin faifan idan ya zo baki sai ya tarar ƙofa ƙarama ce, mafi yawansa ya koma ciki ya yi ta kai da kawo. Ga injin hazo wannan alheri ne, shi ake so. Ga mai sauraro kuwa masifa ce.

Magani biyu ne. Na farko a yi masa matashi a baya, wani abu mai nauyi da zai shanye sautin da ya juya baya. Na gwada lambobi a kwamfuta: da matashi mai megarel 3 kaɗawar ta ragu zuwa wajen maikrosakan 16, da mai 6 ta sauka kusa da 10, wato ƙasa da santimita ɗaya. Kuɗin da aka biya shi ne ƙarfin amsar ya ragu sosai, don matashin yana cinye rabon da zai tafi gaba. Na biyu a sa masa mai shiga tsakani a gaba, shimfiɗa mai kaurin rubu'in zangon sautin (nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya), wadda turjiyarta ke tsakanin ta faifai da ta nama. Lissafi mai sauƙi ya ce megarel 7. Gam ɗin efoksi zalla kusan 3 ne, bai kai ba, amma da na gwada shi a kauri milimita 0.38 sai ya dawo mini da wani kaso mai kyau na abin da matashi ya cinye. Da na ƙara kaurin zuwa 0.6 sai amfanin ya ɓace kusan duka. Ke nan gogewar wannan shimfiɗa ba aikin gaggawa ba ne.

Masu ƙera na gaske garin tangistin suke cuɗawa da gam. Ni garin ƙarfe zan nema wurin masu walda.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Na yi asarar faifai biyu.

Na farkon wurin liƙa waya ne. Na daɗe da ɗora ƙarfen dalma a kai, azurfar ta ɗago kamar ɓawon albasa. Ko da ba ta ɗago ba, zafi yana kashe wannan yumɓu: idan PZT-4 ya kai wajen digiri 320 yana rasa halinsa, ƙarfen dalmana kuwa ya wuce haka. A na biyu na taɓa na ɗauke cikin daƙiƙa ɗaya, ya kama.

Sai zubin matashi. Na samo garin ƙarfe daga wani mai walda a hanyar Dutsin-ma, na tankaɗe da rariyar Inna ta lallausan gari, na wanke da fetur, na shanya. Na yanka bututun roba na ruwa, na zaunar da faifan a baki, na cuɗa garin da gam mai saurin kamawa na zuba. Gam ɗin ya fara ƙullewa tun ina juyawa. Da ya bushe na duba da na'urar Malam, sai na ga tsaunin turjiyar yana nan da tsininsa kamar ba a sa komai ba. Na fasa don in gani: kumfar iska ce shimfiɗe tsakanin faifai da gam. Iskar da ba ta kai kaurin takarda ba ta isa ta raba su. Wurin fasawar faifan ya tsage.

Gam ₦3,500 ya tafi. Saura faifai uku.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Zubi na biyu da gam mai jinkiri, ₦5,000. Na fara shafa shi siriri a bayan faifan da tsinke, na ɗora kwanon cuɗin cikin ruwan ɗumi don ya saki kumfa ta taso, na zuba kaɗan-kaɗan ina bubbuga bututun. Na bar shi kwana biyu a kife, yadda garin ƙarfe zai kwanta kusa da faifan. Tsaunin ya faɗaɗa ya sauka. Na yi ta canja lambar matashi a kwamfuta har zanen ya dace da awon, ya tsaya a kusan megarel 5. Ban kai 6 ba, amma yanzu lamba ce da na auna.

Talata, 2 ga Disamba

Na koma ɓangaren lantarki. Bugun zai fito ne daga batirin bolt 12 da aka ɗaga zuwa 60, tiransisto ya sake shi na tsawon nanosakan 300, wato rabin kaɗawa ɗaya, sannan a yi shiru na milisakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kafin na gaba. Wannan shirun yana da muhimmanci a wurina fiye da komai. Faifan nan idan aka bar shi yana aiki ba tsayawa, yadda yake yi a injin hazo, yana iya ƙona yatsa. A tsarina lokacin shirunsa ya ninka na maganarsa sau dubbai.

A nan kwaikwayo ya cece ni sau biyu. Na farko, na sa koyil don ya soke kafasitar faifan. Lissafi ya ba ni maikrohenri 10.6, amma da na tuna wayar mita biyu da za ta haɗa faifai da akwati, wadda kowace mitarta ke ƙara kusan pikofarad 100, sai ya sauka zuwa 8.5. Da koyil ɗin a ciki, sai na ga lokacin da tiransisto ya rufe, wuta tana yin tsalle ta wuce bolt 100. Tiransisto IRF510 da na yi niyyar sakawa iyakarsa ke nan. Na canja zuwa IRF610 mai ɗaukar 200, na ƙara rasistar kwantar da tsallen.

Na biyu, amfilifaya. Da farko na yi amfani da ta ƙirƙira wadda manhaja ke bayarwa, wadda ba ta gajiya. Da na maye ta da LM358, wadda ke cike da aljihun teburina, sai amsar ta ɓace. Iyakar ƙarfinta wajen megahaz ɗaya ne, a 1.7 ba ta ƙara komai. Na yi odar amfilifaya AD603 guda biyu, kowace tana iya ƙara desibel 31 ko fiye (desibel ma'aunin ƙarfin saƙo ne), kuma ana iya sarrafa ƙarin da boltej. Wannan zai ba ni damar ƙara mata ji a hankali yayin da lokaci ke tafiya, tunda nama yana cinye kusan rabin desibel a kowace santimita ga kowane megahaz. A zurfin santimita 8, zuwa da dawowa, kusan desibel 14 ke nan sun tafi.

AD603 biyu ₦12,000. Tiransisto, direbansa, dayod, waya da tarkace ₦8,500.

Asabar, 6 ga Disamba

Na haɗa da'irar bugu ta gaske a kan allon haɗa kaya. Tsakanin faifai da amfilifaya na sa rasista da dayod 1N4148 biyu suna kallon juna kai da ƙafa, don bolt 60 kada ya shiga kunnen da aka yi don jin 'yan milibolt. Hazo ya sauko sosai, ƙura har cikin shago, dole na rufe allon da leda.

Laraba, 10 ga Disamba

Ranar bokiti. Na aro osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, na kwana uku. Na sa farantin ƙarfe a gindin bokitin, na rataya faifan santimita 10 daga samansa, na kunna. Babu komai, sai bugun farko da layi a miƙe.

Na yi awa biyu ina bin da'ira da mita, na canja dayod, na sake liƙa waya. Ƙanena ne ya leƙa ya ce, "Yaya, ga wasu ƙwayoyi a fuskar abin." Ruwan da na ɗebo daga famfo yanzu-yanzu ne, iskar cikinsa ta taru a fuskar faifan. Na share da yatsa, amsa ta miƙe tsaye a allo. Iskar da ta ci mini faifai a bayansa ita ce ta dawo ta gaba. Wannan ya nuna mini abin da zai faru a jikin akuya: gashi yana riƙe iska, don haka sai a wurin da ba gashi, kuma sai da mai.

Amsar ta zo a maikrosakan 132.6. Kwamfuta ta ce 135.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na kwana ina tunanin maikrosakan biyu da rabin nan. Da asuba bayan salla na sake aunawa ba tare da na taɓa komai ba, ta ba ni 135.2. Ruwan ya kwana cikin sanyin hunturu, ma'aunin zafi ya nuna digiri 19. Jiya da rana bokitin yana bakin ƙofa, rana ta dake shi. Gudun sauti a ruwa kusan mita 1,480 ne a digiri 20, ya haura wajen 1,509 a digiri 30, ni kuma 1,480 na saka. Na sa zafin ruwa ya zama lamba a tsarin. Yanzu safe da yamma duk suna dacewa.

Abin da bai dace ba shi ne tsayin amsar: ta gaske kusan kashi biyu cikin uku ce na ta kwamfuta. Tsarina yana ɗauka sauti yana tafiya a miƙe kamar cikin bututu. A gaskiya bayan kusan santimita 6 daga faifai mai wannan faɗi, sautin yana fara bajewa, kuma farantin in ya ɗan karkace sai amsa ta kauce. Na sa ragin da hannu, na rubuta a gefe cewa gyara ne na ido.

Lahadi, 14 ga Disamba

Na je gaida Kawu a ƙauye ta wajen Batagarawa. Na nuna masa hoton allon a waya.

Ya ce, "To injiniya, wanga tsinin shi ne ɗan akuyar?"

Na ce, "A'a Kawu, gindin bokiti ne. Ku ƙara mini haƙuri."

Ya ce akwai biyu da bunsuru ya bi a farkon watan jiya, in zo in gwada. Na ce sai likitan dabbobi ya duba abin tukuna, ya yarda.

A hanyar dawowa na tsaya wurin wani likitan dabbobi da muka yi makarantar allo tare. Ya ce irin wannan na'ura a gefen dama ake ɗora ta, gaban hantsa inda ba gashi, saboda tumbi yana hagu kuma cike yake da iska. Ya ce babban aibinta shi ne mafitsara: ita ma jakar ruwa ce, idan ta cika sai na'ura ta ce akwai ciki alhali babu. Kuma ba a dogara da ita sai ciki ya kai wajen wata biyu. Maganar mafitsara ta dame ni, don idan na'urata ta yi ƙarya ta wannan fuska Kawu zai ci gaba da ciyar da juya, idan ta yi ta ɗaya fuskar kuma mun koma gidan jiya. Ya yi alkawarin idan na shirya zai zo da na'urar hoto ta wurin aikinsa mu gwada kowace akuya da duka biyun.

Asabar, 20 ga Disamba

Farantin ƙarfe ya sangarta ni. Yana mayar da sama da kashi 90 cikin 100 na tsayin sautin. Iyakar nama da ruwa kuwa, inda turjiya ke tashi daga wajen 1.6 zuwa 1.5, kashi uku ko huɗu kawai take mayarwa. Na gina wannan a kwamfuta: santimita 3 na nama, 5 na ruwa, sai nama kuma. Amsa biyu suka fito ƙanana, da shiru na maikrosakan 66 a tsakani. Wannan shirun shi ne abin da na'urar za ta nema.

Na sayi tsoka rabin kilo ₦3,500, na cika balan-balan da ruwan da ya kwana, na naɗe shi da naman, na shafa man gyaɗa a fuskar faifan. Amsar bayan balan-balan ta fito sarai. Ta gaba ta nutse cikin hayaniya, kuma hayaniyar tana da tsari, tana maimaita kanta. Na kashe ɗan allon da ke ɗaga wuta zuwa bolt 60, ta ɓace. Shi ne ke watsa ƙara cikin amfilifaya. A kwamfuta wutata tsarkakakkiya ce kamar ruwan rijiya, shi ya sa ban taɓa ganin wannan ba.

Na raba allunan, na sa amfilifaya cikin gwangwanin madara na haɗa shi da ƙasa, na gajarta wayoyi. Hayaniyar ta ragu da fiye da rabi. Amsar gaba ta leƙo, amma da ƙyar.

Asabar, 27 ga Disamba

Abin da na kashe zuwa yau ₦42,500. Faifai biyu suka rage ban taɓa ba, ɗaya yana aiki.

Shimfiɗar gaba ban yi ta ba har yanzu, kuma kwamfuta ta nuna ita ce za ta ɗaga amsar da ke nutsewa. Zan zuba gam a fuskar faifan, in goge da takardar yashi a kan gilashi, ina aunawa har ya sauka 0.38. Zan fara koyon hannu a kan fasasshen faifan nan.

Na ƙara hayaniyar allon wuta cikin tsarin, na kuma gwada dabarar kashe shi na milisakan ɗaya daidai lokacin sauraro, kafasita ta riƙe wutar. A kwamfuta ta yi aiki. Don karanta amsar zan sayi Raspberry Pi Pico, ɗan ƙaramin allon kwamfuta wanda ke iya ɗaukar awo 500,000 a daƙiƙa. Bai isa ya bi kaɗawar kanta ba, amma idan na fara tace ta na bar inuwar tsayinta kawai, kowane awo zai zama kusan milimita ɗaya da rabi, kuma wannan ya wadatar. An ce mini ₦11,000, sai an biya ni kuɗin injin solar nan.

Awakin Kawu biyu za su cika wata biyu a farkon Janairu. Na kira likitan, mun tsayar da Asabar ta biyu a cikin watan, idan gogewar ta yi kyau. Ya ce in zo da man gyaɗa, kuma mu jira kowace ta yi fitsari kafin mu ɗora.